Inda Gani Ya Kori Ji: Yadda Wasan Gargajiyar Sin Ya Zaga Duniya

A dandamalin wasan gargajiyar Sin, wato wasan kwaikwayo mai haɗe da waƙa da rawa, idan mutum ya fito riƙe da bulala mai tuntaye, to a kan doki yake. Idan ya ɗaga ƙafa ya tsallake abin da babu shi, ya shiga ɗaki ke nan. Ya zaga fili sau ɗaya, ya yi tafiyar wata guda. Mutum huɗu riƙe da tutoci runduna ce sukutum. Kayan dandamalin kaf ba su wuce tebur ɗaya da kujera biyu ba, amma teburin nan yanzu shi ne na alƙali, an jima tudu ne da sarkin yaƙi zai hau ya hango abokan gaba, an jima kuma gada ce.

Sinawa suna da irin wannan wasa sama da kala 300, kusan kowane yanki da nasa, da karin harshensa da kiɗansa. Wanda duniya ta fi sani shi ne na Beijing. Ana ƙirga asalinsa daga 1790, shekarar da 'yan wasa daga lardin Anhui suka shigo babban birnin don bikin cikar Sarki Qianlong shekara 80, suka ga wuri suka zauna. Akwai wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, wato Kunqu, mai taushin murya da sarewa, wanda ya bunƙasa a yankin Suzhou a ƙarni na 16. Hukumar UNESCO ta sa Kunqu cikin kayan gadon ɗan Adam a 2001, na Beijing kuma a 2010.

Ɗan wasa ba ya zaɓar rawar da ya ga dama. Tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas malami zai duba jikinsa da muryarsa ya ajiye shi a ɗaya daga rukuni huɗu: sheng, namiji kamili, dan, mace, jing, mai fentin fuska, ko chou, ɗan barkwanci mai tabon fari a hanci. A nan zai ƙare rayuwarsa. Fentin ma karatu ne: ja amana, baƙi gaskiya da taurin kai, fari makirci. Suna da wata magana da kowane almajirin wasa ya haddace, cewa minti ɗaya a kan dandamali aikin shekara goma ne a bayansa. Wanda ya ga wasan da ake kira Sanchakou zai yarda. Wani jarumi ya sauka a masauki, mai masaukin ya lallaɓo ɗakinsa cikin dare, kowa na zargin ɗan'uwansa. Fitilun dandamali a kunne suke tar, amma su biyun a cikin duhu suke. Takobi zai gifta tazarar yatsa daga hancin mutum, ba zai ƙifta ido ba domin bai gani ba, sai iskar ta taɓa shi sannan ya zabura. Suna lalube, su zauna a kan tebur ɗaya ba wanda ya san da wani, hannu ya gogi hannu, sai faɗa ya ɓarke. Duhun nan ba mai kashe fitila ya kawo shi ba, jikinsu ne ya yi shi.

Sai dai duk wannan da ido ke gani, ba shi ne kan gaba ba a wurin tsofaffin masoya wasan. A gidajen shayi na Beijing a ƙarni na 19, mutum kan ba dandamali gefensa, ya lumshe ido, yana buga yatsa a tebur yana bin kiɗa. Labarin ya san shi tun yana yaro. Abin da ya kawo shi shi ne ya ji yadda wannan mawaƙi zai ja baitin da ya riga ya ji daga bakin wasu goma, da yadda mai jinghu, wata 'yar kukuma mai tsirkiya biyu da kaifin murya, zai bi shi sau da ƙafa. Idan jan ya yi, ya ɗaga murya ya ce "Hao!", wato madalla.

Abin lura a tarihin fitar wannan wasa waje shi ne, kusan shekara 300 ana ɗiba daga cikinsa, kuma kusan duk wanda ya ɗiba waƙar yake bari. Wani ya ɗauki labari, wani motsin hannu, wani fayau ɗin dandamali, wani alkafura. Kowa kuma, idan ka duba da kyau, abin da ya ɗauka makami ne na wata rigima da yake yi a gidansu.

A takarda aka fara. A 1731 wani limamin Katolika Bafaranshe mazaunin Sin, Joseph de Prémare, ya fassara wasan Marayan Gidan Zhao, wanda Ji Junxiang ya rubuta a ƙarni na 13, zamanin da Mongol ke mulkin ƙasar. Labari ne mai ɗaci. Wani sarkin yaƙi ya karkashe zuri'ar Zhao, mutum 300, saura jariri ɗaya da wani mai magani ya fitar a cikin akwatin magungunansa. Da azzalumin ya yi barazanar yanka duk jariran ƙasar, sai mai maganin ya miƙa ɗan cikinsa a matsayin marayan. Bayan shekara 20 yaron ya san gaskiya, ya ɗauki fansa. A wasannin wancan zamani, baƙin cikin uban da ya ba da ɗansa a cikin waƙa yake fitowa, zancen baka jan labari kawai yake yi. Prémare ya ga waƙoƙin cike suke da ishara da ba Baturen da zai gane, sai ya tsallake su, inda suke ya rubuta cewa a nan wane ya yi waƙa. Haka aka buga shi a Faris a 1735, ƙashi ba tsoka.

Ƙashin ya ishi Voltaire, shahararren marubucin Faransa. A 1755 ya fito da nasa Marayan Sin, ya ɗauke labarin ya kai shi zamanin Genghis Khan, ya cire ɗaukar fansar gaba ɗaya. A nasa, kyawun halin waɗanda aka ci da yaƙi ne ya karya zuciyar mamayin har ya tuba. Da masanin falsafa Rousseau yake, wanda ya yi iƙirarin cewa ilimi da fasaha suna lalata ɗabi'a. Voltaire yana son hujjar cewa wayewa na rinjayar takobi, sai ya ari bakin Sinawa. Shekara huɗu bayan haka Arthur Murphy ya yi nasa a Landan. Sai a 1834 Stanislas Julien ya fassara wasan da waƙoƙinsa, lokacin kuwa yayin ya riga ya wuce.

Julien ɗin nan ne ya fassara wasan Da'irar Alli na Li Xingdao a 1832. Uwargida ta sa wa miji guba, ta ɗora wa amarya laifin, ta kuma ce ɗan amaryar nata ne don ta cinye gado, ta saye shaidu. Alƙali Bao ya sa aka zana da'ira, aka tsayar da yaron a tsakiya, ya ce wadda ta fizgo shi ita ce uwarsa. Amarya ta saki hannu don kada a ɓalla shi, alƙali ya gane. Wanda ya san hukuncin Annabi Sulaiman (AS) tsakanin mata biyu masu jayayya a kan jariri ba ya buƙatar a yi masa bayani. Wani marubucin Jamus da ake kira Klabund ya sake gina wasan, aka nuna shi a 1925. Bertolt Brecht kuma, marubucin wasa Bajamushe mai ra'ayin gurguzu, yana gudun hijira a Amurka a 1944, ya mai da labarin yankin Kokeshiya ya kifar da hukuncin. A nasa, uwar da ta haifa matar gwamna ce da ta tsaya tattara tufafinta ta manta da jaririn ranar tarzoma, kuma 'yar aikin da ta ɗauke shi ta raine shi ce ta saki hannu, ita aka ba. Abu na wanda ya wahala a kansa ne, in ji ɗan gurguzu. A asalin labarin kuwa, jini da gado ne alƙali ya kare.

Ganin wasan ido da ido ya zo ne da Mei Lanfang. An haife shi a 1894 a gidan 'yan wasa, namiji ne da ya ƙware a rawar mata, domin a zamanin daular Qing an hana mata hawa dandamali a Beijing. Ya je Japan a 1919 da 1924, Amurka a 1930, Tarayyar Sobiyet a 1935. Kafin a ce komai a kan yadda aka karɓe shi, ya kamata a san halin da ya baro a gida. A 1918 'yan bokon Sin masu mujallar Sabbin Matasa, irin su Hu Shi, sun taso wa tsohon wasan haiƙan. Fentin fuska da bulala a madadin doki, a ganinsu, ragowar jahilci ne. Abin da ƙasa ke buƙata shi ne wasa irin na Ibsen, marubucin wasa ɗan Norway, mai ɗaki kamar ɗaki da zance kamar zance. To ka ga lamarin: a daidai lokacin da 'yan gaba-dai na Turai suka gaji da kwaikwayon zahiri suna neman mafita, 'yan gaba-dai na Sin shi suke kwaɗayi. Tafiyar Mei waje, ban da neman suna, neman shaida ce da zai kawo wa masu kushe a gida.

Shi ya sa ba a tafi da ka ba. Mashawarcinsa Qi Rushan ya daɗe yana shiri, aka haɗa littattafan bayani da zane-zane. Zhang Pengchun, wanda ya yi karatu a Jami'ar Columbia (shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan waɗanda suka tsara Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na 1948), ya tsara shirin kowane dare. Wasan da a gida kan ci rabin yini aka matse shi zuwa kamar awa biyu, aka zaɓi gajerun ɓangarori masu rawa da motsi, aka rage dogayen waƙoƙi, aka sa mai yin bayani da Turanci kafin kowane ɓangare. An buɗe a New York a watan Fabrairun 1930, 'yan watanni bayan rushewar kasuwar hannun jari, amma mako biyun da aka tsara sai da ya koma biyar. Ya wuce Chicago da San Francisco da Los Angeles da Honolulu, ya gana da Charlie Chaplin, manyan makarantu biyu a California suka ba shi digirin girmamawa. Masu sharhi sun yi ta yabon yatsunsa da tafiyarsa. Kiɗan kuwa haƙuri aka yi da shi. Ba Turawa kaɗai suka bar waƙar ba ke nan; masu ita ma sun san kasuwa, suka rage ta tun kafin su hau jirgi. Ko a 1955 da gwamnatin gurguzu ta tura tawaga bikin wasanni a Faris, irin su Sanchakou aka sa a gaba, wasan da kusan ba a buɗe baki a cikinsa.

Cikin waɗanda suka ga Mei a New York akwai marubucin wasa Ba'amurke Thornton Wilder, wanda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Sin. Wasansa na 1938, Garinmu, ba labule ba gini, kujeru ne da tebura da tsani biyu, da wani mai kula da dandamali da ke yi wa 'yan kallo magana kai tsaye. Har yau yana cikin wasannin da aka fi yi a makarantun Amurka, kuma yawancin masu yinsa ba su san daga inda tsiraicin dandamalin ya samo wani ɓangare na asalinsa ba.

Amma Mosko ce ta fi barin tabo. A watan Maris da Afrilun 1935, manyan masu wasan Rasha kusan duk sun hallara: Stanislavski, Meyerhold, Tairov, da Eisenstein wanda har ya ɗauki wani ɓangare na wasan Mei a fim. Shekara guda kafin nan gwamnatin Stalin ta ayyana cewa fasaha tilas ta bi tafarkin zahiri na gurguzu. Meyerhold ya shafe rayuwarsa yana cewa dandamali ba hoton rayuwa ba ne, wuri ne na alama da horon jiki, kuma ya fara jin igiya na matse masa wuya. Yabon baƙon gwamnati ba laifi ba ne, don haka yabon Mei ya zama hanyar faɗin abin da ba ya faɗuwa. Bai cece shi ba. An rufe gidan wasansa a 1938, aka kama shi a 1939, aka harbe shi a watan Fabrairun 1940. Sergei Tretyakov, wanda ya taɓa koyarwa a Beijing kuma yana cikin masu masaukin Mei, tun 1937 aka kashe shi.

Brecht ma yana Mosko a lokacin, ɗan gudun hijira daga Jamus ta Hitler. Ya ga Mei yana nuna motsin mace sanye da kwat irin ta Turawa, ba kwalliya ba fitila, ga namiji a tsaye ga kuma mace a cikin motsinsa, mutum biyu a jiki ɗaya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Dama Brecht yana neman wasan da ba zai bar ɗan kallo ya narke cikin tausayi ba, wanda zai sa shi ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa duniya take haka. A maƙalarsa ta 1936 a kan wasan Sinawa ne ya fara kiran dabarar da sunan da ta shahara da shi, wato baƙuntar da abin da aka saba har a gan shi sabo. Ya ce ɗan wasan Sin ba ya zama mutumin da yake kwaikwaya, nuna shi yake yi daga nesa, yana kallon kansa, yana sane da ana kallonsa.

Ya ga wani abu na gaskiya, amma ya fassara shi a karkace. Bulala a madadin doki baƙuwa ce a idon Bajamushe. A idon ɗan Beijing doki ce kawai, ba ta tsayar da shi ya yi tunanin komai, kai tsaye take kai shi cikin labari. Alamomin nan ba don su hana kuka aka yi su ba, hanyar kukan ce. Mei da kansa ya sha nanata cewa sai ɗan wasa ya shiga zuciyar wanda yake kwaikwaya. Abin dariya, shaidar hakan tana cikin maƙalar Brecht ɗin: ya ba da labarin yadda, Mei na nuna mutuwar wata yarinya, wani na kusa da shi ya yi ƙarar mamaki, mutane suka juyo suka harare shi kamar mutuwar gaske ake yi. Brecht ya ɗora laifin a kan 'yan kallon Turai da ba su iya kallo ba. Bai kawo a ransa cewa wataƙila su ne suka karɓi abin da Mei ya aiko ba. Ni dai ban ga wannan ya rage darajar abin da ya gina ba. Dabararsa ta yi aiki a dandamalin nahiyoyi da dama. Abin da bai kamata ba shi ne a riƙa koyar da maƙalar a matsayin bayanin wasan Sin, alhali bayanin Brecht ce.

Akwai wani ƙarin abin dariya. A shekarun 1980 wani masani ɗan Suwidin, Lars Kleberg, ya ƙagi wasa a kan taron tattaunawar da aka yi da Mei a Mosko ranar 14 ga Afrilun 1935, ya sa wa manyan nan kalamai a baki. Aka fassara shi zuwa Sinanci, masana da dama suka ɗauka rahoton taron ne na gaske, suka yi ta kafa hujja da shi. Sai daga baya ainihin rahoton ya fito daga ma'ajiyar Rasha.

Kayan da suka fita sun dawo gida da sabon tambari. A 1962 darakta Huang Zuolin, wanda ya yi karatu a Ingila, ya jera Stanislavski da Brecht da Mei a sahu ɗaya. Ya yi amfani da bangon nan da ake ƙaddarawa tsakanin 'yan wasa da 'yan kallo: na farko ya yarda da shi, na biyu yana son rushe shi, na uku kuwa a wurinsa ba a taɓa gina shi ba. Da sunan Brecht ya kare gadon gida daga masu cewa sai salon Sobiyet. Shekara huɗu bayan haka Juyin Al'adu ya zo, Jiang Qing matar shugaba Mao ta share sarakuna da aljanu daga dandamali, aka bar 'yan wasanni ƙalilan na sojoji da ma'aikata, da kayan kiɗan Turai da zanen duwatsu kamar na gaske. Bayan an fita daga wannan, sai aka juya akalar aron: a 1986 aka yi Macbeth na Shakespeare da salon Kunqu a Shanghai, a Taiwan kuma Wu Hsing-kuo ya yi nasa da salon Beijing, wanda ya kai Landan a 1990.

Hanyar da wasan ya bi ya iso mana ba ta dandamali ba ce. A Hong Kong wani malami, Yu Jim-yuen, ya taɓa riƙe makarantar wasan Beijing inda iyaye kan sa hannu su ba da yaro na shekaru, horo tun asuba, bulala ba ƙaƙƙautawa. Daga nan Jackie Chan da Sammo Hung da Yuen Biao suka fito. Kafin su gama, kasuwar wasan ta faɗi, sai suka koma masana'antar fim suna faɗowa daga bene a madadin taurari. Mahaifin Bruce Lee ɗan wasan gargajiyar Canton ne, kuma yawon wasa ne ya kai shi San Francisco inda aka haifi Bruce a 1940. Yuen Woo-ping, wanda ya tsara faɗan The Matrix a 1999, a hannun mahaifinsa ya koya, shi kuma mahaifin horon wasan Beijing ya samu. Wanda ya kalli fim ɗin Chanis a Plaza ko El Dorado a Kano zai tuna yadda ake musayar duka da sauri, sai kowa ya ƙame cak a wani tsayi, ido cikin ido, kafin a sake kaurewa. Wannan ƙamewa daga dandamali ta zo, inda ake yin ta daidai bugun kuge don 'yan kallo su more tsayuwar. Faɗa da benci da tsani da tulu, da haɗa duka da ban dariya, duk jinin Sanchakou ne.

Waƙar fa? Ta fara samun hanya ne da na'urar haska fassara a gefen dandamali. Gwajin da ya fi girma shi ne Rumfar Furen Mudan, wasan Kunqu mai fitowa 55 da Tang Xianzu ya kammala a 1598, labarin yarinyar da ta ga saurayi a mafarki, son sa ya kashe ta, son ya kuma dawo da ita. A 1998 darakta Chen Shi-Zheng ya shirya shi cikakke don Cibiyar Lincoln a New York, amma hukumar al'adu ta Shanghai ta hana 'yan wasan fita, tana cewa ya cusa batsa da camfi da abin da zai zubar da mutuncin ƙasa. Ya sake tara wasu, aka yi shi a 1999, kusan awa 20, har da tafki da agwagi masu rai a gaban dandamali. Rigimar a nan ta tashi daga abin da baƙo ya fahimta ta koma kan wa ke da ikon nuna gadon Sin a waje, gwamnati ko ɗan ƙasa mazaunin ƙetare. A 2004 marubuci Pai Hsien-yung na Taiwan ya fito da nasa tare da ƙungiyar Kunqu ta Suzhou: fitowa 27, awa tara cikin dare uku, matasan 'yan wasa, kuma an rage yawan fitowa ne ba a sake baitocin Tang ba. Ya kai shi California a 2006 da Landan a 2008, amma inda ya fi zagawa shi ne jami'o'in Sin, domin ɗaliban Beijing da Shanghai ma sai an haska musu baitocin a allo suke iya bin abin da ake rerawa.